Injiniya Zacharias Ya Kawo Sanyi Gwagwalada

A gidana abin ya faru, a nan Kutunku ta Gwagwalada, kuma ina zaune aka yi shi, don haka kada wani ya zo ya gyara mini labari. Ɗakunan haya ne a jere ƙarƙashin rufi ɗaya. Nawa na ƙarshe, shagon askin Silas na bakin ƙofa, ciki da falon da ke tsakiya kuwa na Zacharias ne da matarsa Monica.

Zacharias masinja ne a wani ofishi a cikin gari. Aikinsa ɗaukar fayil, sayo wa oga ruwa, da kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira esi, kafin oga ya iso. Wannan kunnawar ita ce jami'ar da ya gama. Ko a layin famfo wani ya ce yau ana zafi, sai ya gyara tsayuwa ya ce, “Ni za ku tambaya. Ni da esi kamar wa da ƙane muke.”

Monica kuwa mace ce mai hannu. Fanke da cincin take soyawa a bakin tasha, ta lallaɓa ta koyi yin kek, tana ɗan samun na bikin haihuwar yara. Sai ga Mama Magdalene, shugabar zumuntar mata ta cocinmu, ta ba ta kek ɗin auren 'yarta Vivian. Wanda bai san zumunta ba zai ce kek ne kawai. Mu mun sani: wadda ta yi wa 'yar shugaba ya yi kyau, ita za ta yi wa duk 'ya'yan zumunta har ta tsufa. Wadda ta ɓata kuwa, ta koma gaban kaskon fanke ta zauna. Kek ɗin na kwalliyar bota da sukari ne, ba shi da maƙiyi kamar zafi, bikin kuma ya faɗo a watan Maris, lokacin da ko ƙadangaren Gwagwalada ba ya taka ƙasa da rana sai dole. Monica ta san haka. Ta riga ta shirya da ƙawarta Mabel, mai shagon magani da esi kusa da zauren liyafa, cewa a can kek zai jira.

Ana cikin satin biki sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida, Zacharias a baya ya rungume wani akwatin ƙarfe kamar gawar ɗan'uwansa.

“Mama! Fito ki ga tarihi!”

Na fito na duba. Na ce, “Firijin wa ya mutu?”

“Esi ne, Mama. An sa mana sababbi a ofis, irin na manne a bango. Oga ya ce a zubar da wannan. Na ce oga, ba a zubar da soja don ya tsufa. Daga yau zafi ya ƙare a gidan nan. Kuma daga yau Injiniya za a riƙa ce mini.”

Tsohon yayi ne, akwati guda, irin wanda ake huda bango a zura, fuskarsa a ɗaki gindinsa a waje. Ni ba na son a taɓa mini bango, amma don Monica na ce a kira magini ya buɗe masa wuri a ƙarƙashin taga. Zacharias ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Mama, ke za ki sayi akuya ki bar gindinta a gidan maƙwabci? Rabin inji a waje yana sanyaya wa kaji! Ban da haka, ba ki ji abin da ya faru a Dagiri ba? Ɓarayi suka zare esi daga waje kamar haƙori, suka bi ta ramin suka kwashe ɗaki. Nawa gaba ɗayansa a ciki zai zauna, inda idona yake.”

“Na ofishinku ina gindinsa yake?”

“A waje. Shi ya sa aikin gwamnati ba ya ci gaba.”

Ya ɗora shi a tsakiyar falo, kan teburin da Monica ke murza cincin. Sannan ya shiga abin da ya kira tattalin sanyi. Ya lulluɓe tagogin falo da na ciki da leda, ya bi su da salatif. Ya cusa takarda a ramukan iska na saman bango. Ya yayyaga tsohon zanen Monica ya tanada don ƙasan ƙofa. Ya ce sanyi kamar ɗan fursuna yake, in ka bar masa ko ƙofar allura sai ya gudu.

Da aka kawo wuta ya murɗa. Abin ya yi tari, ya yi gurnani, tebur ya kama rawa, fitilun gidan duka suka koma ja kamar idon mashayi. Can sai ga Silas a guje da kilifa a hannu, bayansa wani dattijo da zanen aski a wuya, rabin kansa tas, rabin daji.

“Wane ne ya kunna injin niƙa a gidan nan? Kilifa ya kama gashin baba ya ƙi saki!”

“Ka yi magana da ladabi, kana gaban fasaha,” in ji Zacharias.

“Fasaha ce ta ci kan baba? Oga Zak, wannan abin ya girmi Abuja.”

“Injiniya.”

“Injiniyan me? Kai da ko batirin tocila sai ka juya shi ka sake juyawa kafin ya kama?”

“Zo ka tsaya nan, ɗan baƙin ciki. Tsaya ka ji.”

Silas ya tsaya a gaban akwatin. Gaskiya ɗaya ce, iska mai sanyi tana fita. Ya miƙa mata fuska. Dattijon ma ya miƙa rabin kansa mai sanƙo ya lumshe ido. Nan da nan Zacharias ya jera mutanen gida, kowa ya tsaya ya sha ya matsa, yana tsawata wa masu daɗewa. Ni dai da layi ya zo kaina sai na zagaya baya. Wata iska ta buge ni a fuska, irin ta bakin tandar biredi.

“Zacharias, wannan fa?”

“Zafin ɗakin ke nan yake tacewa yana fitarwa.”

“Yana fitarwa ina?”

“Baya.”

“Bayan yana ina?”

“Mama, kimiyya ce. In na fara yi miki bayani sai gobe.”

Ya juya gindin abin ya fuskanci ƙofar uwar ɗaka, wai zafin ya shiga can ya ɓuya. Da safe Monica ta fito kamar an tsamo ta daga tukunya, ta nuna mini man shafawarta ya koma ruwa, kyandir ɗin da ke kan akwati ya sunkuya kamar yana gaisuwa.

“Baban Promise,” ta ce masa, don da sunan 'yarsu da ke makarantar kwana take kiransa, “ka fitar da abin nan kafin ya kashe wani.”

“Gwaji ne, Maman Promise. Har jirgin sama sai da ya faɗi kafin ya tashi.”

“To ka faɗi kai kaɗai.”

Bai fitar ba. Ya je ya samo kwalaye, ya harhaɗa wani dogon bututu kamar maƙogwaron raƙumi, ya manna bakinsa a gindin esi, ya huda silin ɗina ya zura ɗaya bakin. Zafi zai hau sama inda ya fito, in ji shi. Abin da bai tuna ba, silin gidan ɗaya ne daga ɗakina har shagon Silas, kuma akwai masu haya a can sama da ba su taɓa damun kowa ba. Kafin rana ta take, ɗakina ya zama kicin. Ɓeraye suka fara saukowa da iyalansu. Wani ƙato ya faɗo daidai cinyar wanda ake yi wa aski, mutumin ya yi titi da zanen Silas a wuya, har yau bai dawo da shi ba.

Silas ya shigo tsakar gida da tsintsiya. “Injiniya! Ga baƙinka sun iso, a ina za a sauke su?”

“Ka gode mini, na yi maka feshi kyauta.”

Na ɗauki sandata na je na tsaya masa a ƙofa. Na ce, “Zacharias, ko ka cire maƙogwaron nan daga silina, ko in cire ka daga gidana. Zaɓi.”

Ya cire yana gunaguni, wai a ƙasar nan ba a daraja masu ƙirƙira. Daga nan ya yanke hukunci na ƙarshe: gindin esi zai fuskanci lungun falo, zafin ya taru a can, in ya ga ba hanya zai gaji ya mutu da kansa.

Asabar ta zo. Monica ta gama kek da sanyin safiya, a barandata ta yi aikin don ba ta yarda da falonta ba. Ni na tsufa, na ci bukukuwa, amma ban ga irinsa ba. Hawa uku, fari sol, furanni ruwan hoda suna gangarowa ta gefe, a can ƙoli ango da amarya na roba sun riƙe hannu. Dole ta tafi coci da wuri, don zumunta ce za ta yi waƙar shigowar amarya, kuma wadda ba ta zo ba Mama Magdalene tana gani. Ta ɗaura anko, ta tsaya gaban mijinta.

“Baban Promise, na roƙe ka da girman Allah. Enoch mai keke zai zo yanzu. Ka shiga, ka riƙe kek a cinya, ku tafi a hankali, ka miƙa wa Mabel. Shi ke nan aikinka. Kada ka yi tunani.”

“Haba, sai ka ce yaro.”

“Da yaro ne da hankalina ya kwanta.”

Ta tafi. Ni gwiwata ba ta barin zaman coci mai tsawo, sai liyafa zan je, don haka ina kan kujerata lokacin da Enoch ya iso. Zacharias ya fito cikin kwat, ya leƙa keken, ya ce masa an fasa.

Na ce, “Wa ya fasa?”

“Mama, ki duba mana. Matar injiniya guda ta kai kek shagon magani? A ajiye shi tsakanin maganin tsutsa da na basir? Mutane su ce a gidan Mabel aka sami sanyi, alhali ga shi a gidana har ya yi yawa?”

“Kek ɗin ba naka ba ne.”

“Matar tawa ce. Falon ma nawa ne.”

Na ce wa Enoch ya tsaya, Zacharias ya ce masa ya tafi. Enoch ya dube ni, ya dubi kwat, ya ja kekensa. Na kira Monica, waya a kashe, an shiga sujada. Kafin in lallaɓa in miƙe, ya sunkuci kek ya yi falo da shi.

Daga bakin ƙofa na ga sauran. Ya ajiye shi a gaban esi ya murɗa. Abin ya yi tarinsa na kullum, ya tofo ƙurar ofis, tare da wani kyankyaso da ya sauka daidai kan fure ya fara karyawa. Zacharias ya tsince shi, ya shafe wurin da yatsa, ya lashe. Ya ce iskar gaba ta yi wa kek ƙarfi. Ya ɗauke shi ya kai lungu, ya ɗora kan kujerar roba, bayan esi.

“Zacharias, nan ne fa ka ce zafi zai je ya mutu.”

“Ya riga ya mutu tun jiya, Mama. In na rufe ƙofa ko'ina ɗaya ne.”

Ya murɗa abin har ƙarshe, ya fito, ya kulle ƙofa, ya durƙusa da kwat ɗinsa ya cusa tsummoki a ƙasa, ya jefa makulli a aljihu. Sannan ya tura wa Mama Magdalene saƙo a waya, ya karanta mana da ƙarfi don mu ji: in an tashi daga coci zumunta ta biyo ta gida ta ɗauki kek, ta kuma sha sanyi kyauta. Ya jawo benci ƙarƙashin mangwaro ya harɗe.

Rana ta hau. Esi na ta gurnani a ciki kamar an ɗaure bijimi. Can wani ƙamshi ya fara zagaya tsakar gida, har 'yan aski suna ɗaga hanci.

Silas ya leƙo. “Injiniya, wa ke toya kek a ɗakinka?”

“Ƙamshin bota ke nan in ta ji sanyi. Ina za ka sani, kai da ba ka wuce man gyaɗa ba?”

“Ledar tagarka tana zufa fa.”

“Raɓa ce.”

“Raɓa da tsakar rana?”

“A ciki ai safiya ce.”

Na dafa sanda na je na taɓa ƙofar, na janye hannu. Kiyashi sun yi layi tun daga bakin kwata, suna bi ta gefen tsumma suna shiga. Na nuna masa. Ya ce ko dabba ta san inda daɗi yake. Na ce ya buɗe mu duba ko da ido ɗaya ne, ya ce buɗewa ɗaya asarar sanyin wuni ce. Na ce ya ba ni makulli, ni ce mai gida. Ya ɗora hannu kan aljihu ya fara yi mini bayanin yadda Turawa ke adana kifi.

Muna haka muka ji kiɗan tulu da kacau-kacau daga bakin titi. Zumunta ta sauko daga bas, mata reras cikin anko, suna waƙa suna taka rawa, Mama Magdalene a gaba da goggoro kamar rufin rumbu. 'Yan unguwa suka biyo su, tsakar gida ta cika. Monica na can baya. Ita kaɗai ba ta waƙa. Ta ratsa mutane ta zo.

“Baban Promise, ina kek ɗina?”

“Yana hutawa.”

“Me ya hana shi zuwa wurin Mabel?”

“Ki bari ki gani, yau za ki san wa kika aura.”

Ya hau kan benci ya ɗaga hannu, kiɗa ya lafa.

“Mama Shugaba, iyayenmu mata, barkanku da zuwa. Abin da za ku gani yanzu, ko a Maitama ba kowane gida ba. Esi cikakke, ba rabi a waje ba. Ina roƙon masu ciwon sanyi da masu asma su tsaya baya. Masu goyo su rufe kan yara. Kowa ta ja mayafi, kada gobe a ce Injiniya Zacharias ya kwantar da zumunta a asibiti.”

Wasu har suka ja mayafin. Mama Magdalene ta ce, “Ɗana, buɗe, amarya na jira.”

Ya sauko, ya zare tsummoki ɗaya-ɗaya, ya murɗa makulli, ya wangale ƙofa, ya ja gefe ya rusuna.

Iskar da ta fito ta tura Mama Magdalene baya har ta taka ƙafar mai tulu. Hodar fuskarta ta fara gangarowa nan take. Waƙa ta mutu a baki. Wata kurma-kurma a baya ce kawai ta ci gaba da kaɗa kacau-kacau, sai da aka riƙe mata hannu.

“Yesu! Gobara ce?” in ji wata.

Ba gobara ba ce. A lungu, kan kujerar roba, akwai wani abu da a da kek ne. Hawan sama ya zame ya sauka ƙasa ya zauna. Na tsakiya ya karkace kamar hular ɗan tasha. Furanni sun narke sun bi ƙafar kujera, sun yi kogi ruwan hoda har ƙarƙashin tebur, kiyashi sun jeru a gaɓa suna biki. Ango ya nutse har wuya. Amarya tana ƙasa rub da ciki.

Esi kuwa na ta gurnaninsa.

“Ba komai, ba komai!” Zacharias ya faɗa ciki. “Gyara kaɗan ne. A ba ni cokali, a ba ni wuƙa, yanzu zan yi masa filasta!”

Takalminsa na biki ya sami kogin bota. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, ya kama tebur, tebur ya ƙi shi, ya zauna daɓas a kan hawan da ke ƙasa. Da ya miƙe ya juya, amarya na manne a bayan wandonsa.

Silas ya ce, “To, Injiniya ya gudu da amarya.”

Dariyar da aka danne ta fashe. Mata suna riƙe juna, mai tulu ta kifa kai a kan tulunta. Mutum biyu ne ba su yi ba, Monica da Mama Magdalene.

“Zacharias,” in ji Mama Magdalene, “mene ne wannan?”

“Mama Shugaba, sanyi ne ya yi yawa.”

“Sanyi.”

“Ƙwarai. Sanyi in ya kai maƙura yakan koma zafi. Ki riƙe ƙanƙara a hannu ki ji yadda take ƙuna. Injin ya fi ƙarfin ɗakin, laifinsa ke nan. Kuma kek ɗin ma, a gaskiya, ba a saba masa da esi ba.”

“Na gayyaci surukai tun daga Kafanchan. Na ce musu kek ɗin 'yar zumuntata ce za ta yi, ba sai na je gari ba. Yanzu me zan ajiye a gabansu? Wandonka?”

“In aka ba ni makirfo zan yi wa jama'a bayani.”

Ba ta ko dube shi ba. Ta juya wurin Monica, ta yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji.

“Monica, na ga ƙoƙarinki shi ya sa na ba ki. Ban ce ba ki iya ba. Amma kek ba hannu kaɗai yake so ba, yana son gida. Na ƙanwar Vivian da za a yi a Disamba, Wuse zan kai.”

Monica ba ta yi kuka ba, ni da na san ta na fi tsoron hakan. Ta ce, “Na ji, Mama.” Ta shiga kicin ta ɗauko babban daro da ludayi, ta tuɓe takalmi, ta shiga wutar nan, ta kwashe abin da bai taɓa ƙasa ba. Ta tsamo ango ta goge shi ta dasa a tsakiya. Ta zagaya bayan mijinta ta ɓamɓare amarya, ta wanke ta a famfo, ta tsayar da ita kusa da shi. Mata biyu suka ɗauki daro suka yi bas.

Zacharias yana ta goge kwat da hanki. “Ku jira ni in canza wando.”

Monica ta dube shi, ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba.

“A'a, Baban Promise, ka sha aiki. Tun safe kana zaune cikin rana don kek ɗina. Shiga ka huta a cikin sanyinka.” Ta ɗaga murya yadda zumunta da 'yan aski za su ji. “Ai sanyi ne, ko?”

Ya dubi mata. Ya dubi Silas, wanda ya harɗe hannu yana jira da duka haƙoransa a waje.

“Sanyi ne mana.”

“To bismilla.”

Ya shiga da ƙafarsa, yana ɗaga kai. Ta ja ƙofa, ta murɗa makullin da ya bari a jiki, ta ƙulle shi a bakin zane. Har ta juya, sai ta dawo ta durƙusa ta mayar da tsummokin nan tsaf.

A wurin liyafa, da aka zo yankan kek, mai gabatarwa ya dubi daro ya dubi takardarsa, ya ce wannan sabon yayi ne daga waje. Vivian da angonta suka riƙe ludayi tare, mai hoto yana cewa su yi murmushi. Aka raba a kofunan roba. Mutane suka cinye har suna lasar cokali, wata daga dangin ango ta tambayi wa ya yi. Mama Magdalene ta ce, “Ku ci dai.” Sunan Monica bai fito daga bakin kowa ba. Tana can bayan rumfa tana wanke daro.

Da la'asar sakaliya muka dawo, ni da ita a keke ɗaya. Tun daga ƙofar gida muka ji esi na nan yana gurnani. Silas ya kwaso benci da 'yan askinsa sun dawo ƙarƙashin tagar falo. Ya ce tun tafiyarmu suke tambayar Injiniya yaya sanyi, yana cewa madalla, sai dai muryar tana ta ƙanƙancewa.

A kusurwar taga ledar ta yage kaɗan. Ta wurin hanci ne da leɓe suka leƙo, suna zuƙar iskar tsakar gida kamar kifi a bokiti.

Monica ta tsaya a gabansu. “Baban Promise, in buɗe?”

Leɓen ya motsa a hankali. “Silas na nan?”

“Yana nan. Da mutanensa.”

Hancin ya ja da baya kaɗan.

“To ki miƙo mini bargo.”

Monica ta shiga ɗakina ta ari wanda ya fi kowanne kauri. Ta buɗe ƙofa iya shigar hannu, ta tura masa, ta sake kullewa. Sannan ta wuce kicin, ta sauko da kaskon fanke daga inda ta rataye shi, ta fara kankare shi.